Idan Alƙalami Ya Cije: Abin Da Ya Kamata Marubuci Ya Sani

Duk wanda ya taɓa riƙe rubutu da muhimmanci ya san wannan hali. Labari ya faro da daɗi, babi na ɗaya da na biyu sun zubo ba tare da wahala ba, sai a tsakiyar hanya komai ya tsaya cak. Mutum ya zauna da biro da takarda, ko ya buɗe waya, ya rubuta layi biyu ya goge, ya sake rubutawa ya sake gogewa. Kwana ya zama mako, mako ya zama wata, har ya fara jin nauyin duk wanda zai tambaye shi ina aka kwana a batun littafin nan.

Matsalar ba ta bar kowa ba. Tana kama ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure lokacin rubuta kundin kammala karatu. Tana kama malamin firamare a Gwiwa da ya daɗe yana son tattara tarihin garinsu, da matar aure a Roni da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, da sha'irin Babura da baiti ya ƙi cika masa. Abin da ya kamata dukansu su sani shi ne, alƙalami ba ya cijewa haka kawai. Akwai dalili, kuma dalilin wani daban yake da na wani. Wanda ya gano nasa ya yi rabin aikin.

Ba a kanka aka fara ba

Chinua Achebe ya fitar da littafinsa na ƙagaggen labari na huɗu, A Man of the People, a 1966. Na biyar, Anthills of the Savannah, bai fito ba sai 1987. Shekara 21 ke nan. A tsakani an yi yaƙin basasa, ya rasa amininsa mawaƙi Christopher Okigbo a fagen daga a 1967, kuma zuciyarsa ta kasa ɗaukar dogon labari. Amma bai ajiye alƙalami ba. Ya koma ga rubutattun waƙoƙi, da gajerun labarai, da maƙalu, da littattafan yara, har lokacin da dogon labarin ya sake yiwuwa.

A Amurka kuma an yi Ralph Ellison, wanda littafinsa Invisible Man ya fito a 1952 ya yi suna a duniya. Ya shafe sauran rayuwarsa yana fama da littafi na biyu, gobara ta cinye masa wani ɓangare na rubutun a 1967, ya rasu a 1994 bai kammala ba. Abin lura shi ne ya bar shafuka sama da 2,000. Ashe matsalarsa ba ta rashin abin faɗa ba ce. Ya kasa yarda ne cewa aikin ya isa a ce an gama.

Mutum biyu, dalili biyu: ɗaya nauyin zuciya ya danne shi, ɗaya kuma neman kamala ya ɗaure shi. Maganin da zai yi wa wannan ba zai yi wa wancan ba.

Dalilan da suka fi yawa

Na farko, ƙarancin kaya. Marubuci ya ɗauko labarin likita alhali bai taɓa zama ya saurari yadda ma'aikatan asibiti ke magana ba. Ko ya kai jarumarsa Dubai, garin da bai sani ba sai a hoto. Idan ya iso inda ake bukatar ainihin bayani, sai ya tarar babu komai a hannunsa. Wannan bincike ne ya rage masa, ba baiwa ba.

Na biyu, gyara tun kafin a gama. Wani malamin jami'a a Amurka, Mike Rose, ya nazarci ɗaliban da rubutu ke cije musu, ya wallafa sakamakon a 1984. Ya tarar da yawansu suna riƙe da wasu dokoki masu tsauri a ka, irin su dole jimlar farko ta burge mai karatu, kuma suna tsayawa gyaran kalma tun ra'ayin bai gama fitowa ba. A wajenmu wannan yakan zo ta fuskar ƙa'idojin rubutu: shin a haɗa wannan kalma ko a raba, da lanƙwasa ko babu. Tambayoyi ne masu muhimmanci, amma lokacinsu daban.

Na uku, tsoro. Me mahaifina zai ce? Kada maƙwabta su zaci da su nake. Kada malamai su ce na ɓata tarbiyya. A ƙaramin gari inda kowa ya san gidan kowa, wannan tsoro ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Na huɗu, labarin ne da kansa ya karkace. Sau da yawa idan rubutu ya tsaya a babi na goma, kuskuren yana babi na bakwai. An sa wani ya aikata abin da bai dace da halinsa ba, ko an warware rikicin da wuri, babu sauran abin da zai ja mai karatu gaba. Hannu ya tsaya ne domin zuciya ta riga ta gane akwai matsala.

Na biyar, gajiya da damuwa. Wanda ya wuni a gona ko a aji, ko wadda ta tashi tun asuba tana hidimar gida da yara, ba abin mamaki ba ne idan dare ya yi kansu ya ƙi aiki. Haka wanda bashi ko rashin lafiya ko rasuwa ta dame shi.

Kafin ka zargi kanka da lalaci, zauna ka tambayi kanka wanne ne naka a cikin biyar ɗin nan.

Darasin Magana Jari Ce

Akwai wani zato da ya yaɗu a tsakanin matasan marubuta, cewa rubutu sai an jira ilhama ta sauko. Tarihin adabinmu bai goyi bayan wannan zato ba.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. An kuma sami Jiki Magayi na John Tafida da East. Akasarin waɗannan mutane malaman makaranta ne masu aikin yi. An nemi labari a wajensu, an sa musu lokaci, suka zauna suka rubuta.

A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya. Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Abubuwa huɗu ne suka haɗu masa. An ɗauke masa aikin koyarwa, ya sami lokaci. An tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu, ga kuma tatsuniyoyi da labaran gida da ya tashi da su, ya sami kaya. Akwai mai karanta abin da ya rubuta ya ba shi shawara. Sannan akwai wa'adi, domin makarantu na jiran littafin. Ya kuma yi wa aikin tsari mai sauƙin bi: babban labari guda, aku na ba da ƙananan labarai a cikinsa. Duk ranar da ya zauna, abin da ke gabansa gajeren labari ɗaya ne, ba littafi uku ba.

Tun kafin zuwan boko ma haka abin yake. Lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi da niyyar wucewa gabas, ya yada zango a Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su bi wajen tafiyar da mulki da shari'a. Daga wannan roƙo aka sami Liya'ul Hukkami. Nana Asma'u kuwa tana tsara waƙoƙinta ne tana sane da masu jiransu, wato malamai mata da ake kira jaji da 'yan taru da za su kai su ƙauyuka su koyar da mata.

A zamaninmu gasar kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, tana neman labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500 kafin ranar rufewa, kuma duk shekara tana sa mata da yawa su kammala labarin da da ba don ita ba zai ci gaba da kwanciya a waya.

Yau babu hukumar da za ta ɗauke wa marubucin Roni aikinsa na wata shida. Amma abubuwan nan huɗu, lokaci da kaya da mai karantawa da wa'adi, yana iya tanadar wa kansa su daidai ƙarfinsa.

Kaya na nan a ƙofar gida

Marubucin wannan yanki na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura yana zaune a kan abin rubutu mai yawa wanda ba a taɓa sosai ba. Tarihin masarautar Kazaure kaɗai ya isa littattafai: yadda Ɗan Tunku ya ƙi bin Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan 1819, yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, da yadda ɗansa Dambo ya kafa hedkwata a Kazaure. Akwai rayuwar masu noman rani da masunta a bakin madatsar ruwan Kazaure. Akwai duwatsun Roni da labaran da tsofaffi ke bayarwa a kansu. A Babura akwai rayuwar bakin iyaka, inda gida ɗaya ke da dangi a Nijeriya da Nijar, ana auratayya ana cinikayya, kuma duk rufe iyaka da aka yi sai ya taɓa tukunyar wani. Garin ya kuma sami Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021, kuma shigowar baƙi da ɗalibai ƙaramin gari labari ne da kansa. A Gwiwa da ƙauyukanta akwai 'yan ci-rani da ke tafiya kudu bayan girbi, da matan da ake bari da riƙon gida. Dattawan da suka ga lokacin da yankin ke cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, suna nan da ransu.

Saboda haka idan ƙarancin kaya ne matsalarka, rufe littafin ka fita. Je ka zauna wurin maƙeri ko dillalin dabbobi ka ji yadda suke magana. Tambayi kakarka yadda aka yi bikinta, me aka kai, wa ya yi rakiya, wace waƙa aka yi. Saurari zancen direbobi a tasha. Ka riƙa yawo da ɗan ƙaramin littafi a aljihu, kana rubuta karin magana ko sunan wani kayan aiki ko wata fitacciyar amsa da ka ji. Kada ka raina karin harshen garinku. Bayanin marubuci yana iya bin daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwar Babura a cikin labari ta yi magana irin ta tsohuwar Babura.

Karatu ma tara kaya ne. Marubucin da ba ya karanta komai sai nasa zai yi ta maimaita kansa har ya gundure. Karanta na da da na yanzu, na Hausa da na wasu harsuna, tarihi da addini da jarida.

Raba rubutu da gyara

Almajiri ba ya tsoron allo. Ya san abin da ya rubuta yau za a duba, a gyara, a wanke, gobe a sake wani. Haka ya kamata marubuci ya ɗauki rubutunsa na farko. Ba shi ne za a kai maɗaba'a ba, kuma babu wanda zai gan shi sai wanda ka nuna wa.

A aikace, ga yadda ake yi. Idan ka zauna rubutu, hana kanka komawa baya. Sunan wani gari ya ɓace maka, sa alama ka wuce. Kana shakkar yadda ake rubuta wata kalma, ja mata layi ka wuce. Babin da ya ƙi buɗuwa, tsallake shi ka rubuta wanda kake ɗokin kaiwa gare shi, ko da na ƙarshe ne. Babu dokar da ta ce sai an fara daga farko. Ɗalibi mai kundi ma yana iya fara rubuta abin da ya gano a bincikensa, ya bar gabatarwa sai daga baya, domin a lokacin ne zai san abin da yake gabatarwa.

Idan an gama, a ajiye aikin mako biyu ko uku kafin a dawo gyara. Sannan a karanta shi a bayyane, da murya. Kunnen Bahaushe ya fi idonsa saurin kama jimlar da ta yi tuntuɓe.

Idan kuwa labarin ne ya karkace, koma baya zuwa wuri na ƙarshe da kake jin daɗin rubutun, ka duba shawarar da ka yanke a nan. Tambayi kanka abu uku game da jarumin: me yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa idan bai samu ba. In ka kasa amsa ɗaya daga ciki a jimla guda, to nan ciwon yake. Wani lokaci sai an zubar da shafi ashirin kafin hanya ta buɗe. Kada ka yaga su. Ajiye su gefe, wataƙila su yi amfani a wani labarin.

Kaɗan kullum ya fi da yawa jefi-jefi

Anthony Trollope marubuci ne a Ingila a ƙarni na 19, kuma ma'aikacin gidan waya. Yakan zauna da ƙarfe 5:30 na safe, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti 15, kafin ya tafi ofis. Da wannan tsari ya rubuta littattafan labari 47. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Boice, ya gwada abin a kan malaman jami'a a shekarun 1980. Ya tarar waɗanda suka lizimci ɗan rubutu kullum sun fi masu jiran sai sun ji sha'awa yawan shafuka, sun kuma fi su samun sababbin ra'ayoyi. Wato sau da yawa ilhama kan tarar da mutum ne yana cikin aiki.

Yi lissafi da kanka. Kalma 300 ba ta wuce shafi ɗaya da ɗan ɗori a littafin rubutu na makaranta ba. Idan ka yi haka kwana biyar a mako, ka sami 1,500. A mako 20 ka tara 30,000, wato littafi guda madaidaici. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar Bahaushe ta riga ta rabu da lokutan salla, saboda haka ba sai an ƙirƙiro wani jadawali ba. Ɗaura rubutun a jikin abin da ba ka fashinsa: minti talatin bayan asuba kafin gida ya tashi, ko tsakanin azahar da la'asar lokacin da yara ke Islamiyya, ko bayan isha'i. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, har jiki ya saba.

Shekara ma tana da nata tsari. A wannan yanki kusan kowane gida na noma. Daga saukar damina zuwa girbin gero da dawa da riɗi da gyaɗa, ba hikima ba ce manomi ya ɗora wa kansa babban rubutu, ya zo ya kasa, ya ce baiwarsa ta ƙare. Damina lokacin tara bayanai ne da gajerun rubuce-rubuce. Bayan an kai amfani gida, lokacin sanyi da farkon rani, sai a zauna wa dogon aiki. Ga mai noman rani kuma lissafin ya juya. Malamin makaranta yana da dogon hutu. A watan azumi a rage buri, ko a mayar da shi watan karatu da gyara.

Wata dabara da marubucin Amurka Ernest Hemingway ya shahara da ita ita ce tsayawa a inda ka san abin da zai biyo baya. Kada ka rubuta har sai kanka ya ƙafe. Bar wa gobe bakin zare, ko da rabin jimla ne, domin farawa ita ce mafi wuya.

In hannu ya ƙi, a gwada baki

Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, amma shi ya tsara Imfiraji, kashi bayan kashi tsawon shekaru. A ka yake tsarawa ya riƙe, wasu su rubuta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Adabinmu daga baki ya taso, kuma da yawanmu mun fi iya ba da labari a zaune a dandali fiye da a kan takarda.

Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Idan babi ya cije, kunna ta ka ba da labarin kamar ƙanwarka ce a gabanka, sannan ka saurara ka kwafe. Mace na iya yin haka tana tsintar shinkafa, namiji yana hanyar gona. Wanda hannunsa ya fi sakewa da ajami ya yi rubutun farko da ajami, ya mayar boko daga baya.

Wayar dai ita ce kuma babbar ɓarauniyar lokaci. A lokacin rubutu a kashe data. Matsalar wuta kuma sananniya ce, don haka kada aikinka ya dogara da caji: biro da littafi ba sa mutuwa. Abin da ka buga a waya kuwa ka riƙa aika wa kanka ta imel ko ka ajiye kwafi wurin wani amintacce. Marubuta da yawa sun daina rubutu ne bayan waya ta faɗa ruwa ko an sace ta da littafi guda a ciki, zuciya ta karaya.

Masu sakin labari a waya

Yawancin sababbin labaran Hausa yanzu a WhatsApp da Facebook da Wattpad suke fara fitowa. Wannan hanya ta ba marubuciyar ƙauye abin da a da sai ta je Kano za ta samu, wato masu karatu. Amma tana da tarko. Masu karatu na neman ci gaba kullum, wasu har da gori. Wannan ya ce a kashe kishiya, wancan ya ce a mayar da auren. Marubuciya ta bi son ransu har labarin ya kuɓuce mata, ta tsaya a tsakiya.

Rigakafin shi ne kada a fara saki sai an san ƙarshen labarin, kuma an tara shafuka da dama a ajiye. A sanar da ranakun saki, biyu ko uku a mako, a tsaya a kansu. A karanta ra'ayoyin jama'a bayan an gama rubutun ranar, kada a fara da su. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan littafin da bai gama ba kuwa ya ɗauko wa kansa bashi, kuma nauyin bashi na daga cikin abubuwan da ke kashe sha'awar rubutu.

Batun tsoro da abokan tafiya

Tsoron abin da jama'a za su ce yana da tushe. Jihar Kano, inda akasarin littattafanmu ke fitowa, tana da hukumar tace finafinai da ɗab'i tun 2001, kuma a 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Amma Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a kan zaluncin da ake yi wa mata a gidajen aure, kuma na farkon har an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012. Ana iya faɗar gaskiya mai ɗaci cikin ladabi. A sauya sunaye da garuruwa, a haɗa halayen mutum uku a jikin mutum ɗaya, a guji tona asirin wanda za a iya ganewa. Shawarar abin da za a fitar da abin da za a rage, a bar ta sai lokacin gyara.

Balaraba ba ita kaɗai ta yi tafiyar ba. Ta kasance cikin ƙungiyar Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da wasu, suna duba aikin juna suna tallata littattafan juna. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi. Amma ba sai an yi tafiya zuwa Kano ko Dutse ba. Mutum uku ko huɗu a Kazaure ko Babura sun isa: a haɗu duk mako biyu, kowa ya zo da shafi uku, a karanta, a faɗi gaskiya ba tare da cin fuska ba. Mata na iya yin nasu a gida ko ta waya. Sanin cewa ran Asabar akwai masu jiranka ya fi duk wata nasiha tasiri. A zaɓi mai karatu da kyau: wanda komai ka rubuta zai ce ya yi daɗi ba zai amfane ka ba, haka ma wanda ba ya ganin alheri a aikin kowa.

Lokacin da abin ya wuce batun rubutu

Wasu kan danganta tsayawar rubutu da baki ko sammu. Addu'a makamin mumini ce, kuma malamanmu na da da ita suke buɗe littattafansu su rufe. A yi ta, a haɗa da duba dalilan da aka ambata.

Akwai kuma alamomin da ba na alƙalami ba ne. Idan mutum ya shafe makonni ba ya jin daɗin komai, barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, yana ganin rayuwarsa ba ta da amfani, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. A je asibiti. A Kazaure akwai asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. A kuma yi nesa da masu cewa ƙwaya ko maganin tari na buɗe basira. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a Arewa. Abin da yake buɗewa ƙofar jaraba ce kawai.

Hutu kuma halal ne. Wanda aka yi wa rasuwa, ko mai jego, ko wanda ya gama babban aiki, yana da haƙƙin ajiye alƙalami. Bambancin hutu da gudu shi ne mai hutu ya san ranar da zai dawo.

Daga ina za a fara?

A daren yau ɗauko aikin da ya tsaya, ka karanta shafuka biyar na ƙarshe, ka rubuta a jimla ɗaya abin da kake ganin ya tsayar da shi. In kaya ne babu, sa ranar zuwa wurin wanda ya sani. In gyara ne ya hana ka tafiya, yi alkawarin mako guda ba gogewa. In labarin ne ya karkace, koma inda ya rabu da hanya. Sannan ka zaɓi rabin awarka ta gobe, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya ranar da za ka miƙa masa babi na gaba. Tarihin Ɗan Tunku da rayuwar bakin iyaka da labarin matan 'yan ci-rani suna bukatar marubuta, kuma waɗanda suka fi cancantar rubuta su su ne mutanen da suka tashi a cikinsu.